Aikin Wata Uku, Yunwar Shekara

A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta ware guraben aiki 1,000 ga kowace ƙaramar hukuma, har da Keana, a kan naira 20,000 duk wata, na tsawon wata uku kacal. Shin yunwa ma wata uku take yi ta kama gabanta? Sashe na 16 da na 17 na Tsarin Mulkin 1999 sun yi alkawarin aikin yi da tallafin marasa aiki, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta cika shi. Ai wannan romon baka ne! Jikokin matan da suka daɗe suna dafa gishiri a Keana ba ragwaye ba ne. Doka muke nema wadda talaka zai iya kai ƙara a kanta: aiki ga duk mai nema, da kuɗin abinci duk wata ga kowane ɗan ƙasa.