SHARHI: HAƊARIN DA KE TATTARE DA SHAWAGIN JIRAGEN FESHI ƘASA-ƘASA

Duk shekarar da tsuntsayen jan-baki suka auka wa gonakin shinkafa, gero da dawa a kwarin Haɗeja, kiran farko da manomanmu na Guri, Kiri Kasamma, Birniwa da Auyo kan yi shi ne a turo jirgin feshi. Kiran yana bisa hanya, domin kowane tsuntsu kan ci kimanin giram 10 na hatsi a yini, garken miliyan biyu ke nan na iya lamushe tan 20. Sai dai ya kamata mu fahimci irin kasadar da ke cikin wannan aiki.

Ƙa'idar hukumar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta hana jirgi yin ƙasa da mita 150 a filin karkara, ko mita 300 bisa gini mafi tsawo a cikin gari, in ba lokacin tashi da sauka ba. Jirgin feshi kuwa da izini na musamman yake saukowa ƙasa da haka nesa ba kusa ba, domin magani ya isa cikin ciyawar kachala inda tsuntsayen ke kwana, kuma da almuru ake yi, lokacin da suka dawo makwanci, ido kuma ya fara raguwa.

Jirgin da ke gudun kilomita 180 a sa'a yana cin mita 50 cikin daƙiƙa guda. Idan inji ya mutu can sama, matuƙi na da sararin neman fili ya sauka, amma daf da ƙasa babu wannan dama. Wayar lantarki ba ta ganuwa sai an zo kanta, haka ma igiyoyin ƙarfe da ke riƙe da wasu turakun sadarwa, waɗanda suka yawaita a ƙauyuka tun zuwan wayar salula a 2001. Bugu da ƙari, garken da ake feshi na iya turnuƙe gilashin gaba, babban tsuntsu irin shamuwa kuwa na iya fasa shi. Zafin rana ma yana rage wa jirgi ƙarfin ɗagawa, balle yana ɗauke da nauyin magani.

Abin lura shi ne, mafi yawan waɗannan haɗurra daga ƙasa ake maganinsu. Babu wanda ya san inda sabuwar waya ta ratsa fadama kamar mai unguwa da malamin gona. Don haka wajibi ne sashen gona na ƙaramar hukuma ya tattara bayanin wayoyi, turaku da dogayen itatuwa ya miƙa wa masu feshi tun kafin jirgi ya taso.

Haka zalika, dagatai su sa a yi shela a kasuwanni da masallatai, makiyaya su janye dabbobi, masunta su fito daga ruwa, a hana yara bin jirgi don kallo, a kuma rufe rijiyoyi. Maganin Fenthion da aka daɗe ana amfani da shi guba ne ga ɗan Adam, saboda haka kada a tsinci tsuntsayen da suka faɗi don ci ko sayarwa.

Daga ƙarshe, muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su gudanar da wannan shiri tun farkon damina, kada a jira sai tsuntsu ya sauka. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.