WA YA SA HANNU?



Akwai wata dabara ta masu mulki da ya kamata kowane ɗan jam'iyya ya gane. In soja ya yi ta'asa, sai minista ya ce shi bai sani ba, aikin bariki ne. In an tambayi soja, sai ya ce umurni aka ba shi. Haka za a yi ta jifa da laifi tsakanin biro da bariki har iyayen wanda aka kashe su gaji, su bi ɗansu. Mu kuwa mun ce laifi na farko yana wuyan wanda ya riƙe alƙalami. Ga shaidarmu daga yaƙin Aljeriya, wanda aka yi daga 1954 zuwa 1962.

Guy Mollet, shugaban 'yan gurguzun Faransa, ya hau gwamnati a farkon 1956 da alkawarin kawo zaman lafiya. Da ya je birnin Alje ran 6 ga Fabrairu, Nasaran da ke zaune can suka jefe shi da tumatir, sai ya juya baya ga alkawarinsa. Ran 12 ga Maris majalisar Faransa ta ba gwamnatinsa iko na musamman a kan Aljeriya, dipite 455 suka yarda, 76 suka ƙi. Har 'yan kwaminis sun ba da ƙuri'arsu. Da wannan iko ana iya tsare mutum ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Ran 7 ga Janairu 1957, da yardar minista Robert Lacoste, aka ɗauki aikin 'yan sandan Alje aka danƙa wa Janar Massu da sojojinsa masu dira da laima. Ku lura, 'yan'uwa, Massu bai ƙwaci wannan iko da bindiga ba. A rubuce aka ba shi, da sa hannu da hatimi.

To, me ya biyo baya? Sojoji su shiga gida da dare su ɗauki mutum, su kai shi wani gidan da ba a rubuta shi cikin jerin gidajen kaso ba. A can a sa masa wutar lantarki, a ɗura masa ruwa. Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga cikin shugabannin FLN, an kama shi a Fabrairu 1957, a farkon Maris aka ce wai ya rataye kansa. Lauya Ali Boumendjel, wai ya faɗo da kansa daga saman bene. Maurice Audin, malamin lissafi mai shekara 25, an ɗauke shi daga gidansa ran 11 ga Yuni 1957, aka gaya wa matarsa wai ya tsere daga mota. Har yau ba a ga gawarsa ba.

Kada wani ya ce manya ba su sani ba. Paul Teitgen, babban sakataren da ke kula da 'yan sanda a Alje, mutum ne da ya sha azaba a hannun Jamus, ya zauna a sansanin Dachau. Shi ya sa hannu a takardun tsare mutum wajen 24,000, da ya ƙidaya sai ya iske 3,024 sun ɓace. Ya rubuta wa Lacoste, ya ajiye aikinsa a 1957. Janar de Bollardière ya ƙi aikin azabtarwa, ya faɗa a fili. Kun san ladansa? Kwana 60 a tsare. Wanda ya faɗi gaskiya shi gwamnati ta kulle. A lokacin François Mitterrand ne ministan shari'a, kuma a zamanin ministancinsa an sare kawunan 'yan kishin ƙasa 45.

Ba birni kaɗai ba. A karkara an tashi ƙauyuka ɗungum, an tara su a sansani bayan waya mai ƙaya, nesa da gona da garke. Rahoton Michel Rocard na 1959 ya kai ga gwamnati labarin yunwa da mutuwar yara a waɗannan wurare, amma kafin ƙarshen yaƙi mutanen da aka tara sun kai wajen miliyan biyu. Manomi ya san abin da ake nufi da raba mutum da gonarsa damina guda, balle uku.

Da aka sa hannu a yarjejeniyar Ebiyan a Maris 1962, sai aka yi dokar afuwa, aka ƙara wata a 1968. Wato masu laifi suka yafe wa kansu. Janar Aussaresses ya fito a 2001 ya ce shi ya sa aka rataye Ben M'hidi, shi ya sa aka jefo Boumendjel, kuma ya ce manyan gwamnati suna sane. Kotu ta ci shi tarar yuro 7,500, ba don kisan ba, don ya yaba abin da ya yi a cikin littafi. Guy Mollet ya mutu a gadonsa a 1975, Lacoste a 1989. Mitterrand ya zama shugaban ƙasa daga 1981 zuwa 1995. Ba ko ɗaya da ya tsaya gaban alƙali. Abin mamaki, Faransa tana da alƙali a shari'ar Nurambag ta 1945 da 1946, inda aka yanke cewa muƙami ba ya kare shugaba, umurni ba ya wanke soja. Ashe dokar ta Jamusawa ce kaɗai?

Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. A 1898 ma'aikatar mulkin mallaka ta Faransa ta turo Voulet da Chanoine su kai tuta tabkin Cadi, ba tare da isasshen guzuri ba, sai abin da suka ƙwata a hanya. Sun ƙone Birnin Ƙonni, sun yaƙi Sarauniya a Lugu, sun bar gawa a bakin rijiyoyi. Sai da suka harbe ɗan'uwansu Kanar Klobb a Dankori ran 14 ga Yuli 1899 aka ta da hankali sosai a Faris. Daga baya aka rufe bincike, aka ce wai zafin rana ne ya haukata su. Wanda ya turo su fa, shi ma rana ce ta buge shi a biro?

Za a ce mana ai Faransa ta amsa laifi. Gaskiya ne, a 2018 Shugaba Macron ya je gidan Josette Audin ya amsa cewa sojoji ne suka kashe mijinta, kuma tsarin da doka ta kafa ne ya ba su dama. Shekara 61 ta jira, ta rasu bayan wata biyar. An amsa na Boumendjel a 2021, na Ben M'hidi a 2024. Ramin ƙarya ƙurarre ne, mun yarda. Amma amsa laifi bayan duk masu sa hannu sun shiga kabari ba shari'a ba ce.

Saboda haka ga abin da muke nema daga duk mai mulki, fari ne ko baƙi, na waje ne ko ɗan gida, har da shugabannin jam'iyyarmu in Allah ya ba su. Duk wanda aka tsare a rubuta sunansa da wurin da yake, a gaya wa iyalinsa, a kai shi gaban alƙali cikin 'yan kwanaki. Umurnin kama mutum ya zo a rubuce da sunan wanda ya ba da shi. In wanda aka tsare ya mutu, ministan da ya sa hannu shi za a fara kira, kafin sajan. Kuma ba mu yarda gwamnati ta yi wa kanta afuwa ba, don mai gawa shi ke da ikon yafewa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, sa'an nan ya miƙa takardar ga na gaba.