Ku daina ce mana masu tausa

1/ Jiya a gidan suna wani kawuna ya tambaye ni me nake karanta. Na ce fisiyo, wato gashin ƙashi. Ya yi dariya ya ce, "To ke yanzu shekara biyar za ki yi kina koyon tausa?" Na yi shiru don girmansa. A nan kam ba zan yi shiru ba. Ku biyo ni.

2/ Bari in fara da laifinmu. Da yawa cikinmu likitanci muka nema a JAMB, maki bai kai ba, aka turo mu nan. Ni ma haka na shigo. Shekarata ta farko da rabin zuciya na yi ta, ina jiran ranar da zan canja kwas. Wallahi yau ina jin kunyar wannan.

3/ Abin da ya juya ni Hajiya ce, kakata. Hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki. Aka sallame ta daga asibiti da leda cike da magani, babu wanda ya ce mana a motsa ta. Muka kwantar da ita, muna ganin gata muke yi mata.

4/ Bayan wata bakwai hannunta ya naɗe, yatsu sun dunƙule, kafaɗa ta ƙage, gyambo ya fito a bayanta. Sai a aji uku na koyi cewa watannin farko, musamman uku zuwa shida, su ne lokacin da jiki ya fi farfaɗowa. Mu kuma a kan katifa muka ƙarar da su. Na fita daga lakcar nan ina kuka.

5/ To wannan ce "tausar" da kuke rainawa: juya mara lafiya duk awa biyu don kada fata ta ruɓe, motsa gaɓoɓi kullum don kada su ƙage, koya wa mutum zama, tsayuwa, taku, har ya iya kai loma baki da kansa, ya shiga banɗaki ba a ɗauke shi ba.

6/ Kuma aikin bai tsaya ga manya ba. Jaririn da jijiyar hannunsa ta samu rauni wajen haihuwa. Yaron da shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, ya kasa riƙe wuya. Wanda allura ta taɓa wa jijiya a ɗuwawu, ƙafa ta saki. Ɗan acaɓan da aka yanke wa ƙafa. Duk wurinmu suke zuwa.

7/ Yanzu ga ƙannena masu shirin shiga. A JAMB Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji za ka rubuta, daidai da mai neman likitanci. Kada ka yi wasa da fiziks. Akwai injinan lantarki da na zafi da ake gashi da su, in ba ka gane lissafinsu ba za ka ƙona mutum.

8/ A aji biyu za ka tsaya a kan gawa kana bin tsoka ɗaya bayan ɗaya. Ƙashi 206, tsoka sama da 600, kowacce ina ta fara, ina ta ƙare, wace jijiya ke ba ta umarni. Wanda ya haddace don jarabawa kawai, ranar da aka tsayar da shi gaban mara lafiya zai gane kurensa.

9/ Shawarata: tun daga hutu na farko ka nemi izini ka riƙa zuwa sashen fisiyo na asibitin garinku kana kallo. Ka koyi auna ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5. Ka koyi bayani da Hausar da tsohuwa daga ƙauye za ta gane, don mafi yawan atisayen a gida za a yi shi, ba a gabanka ba.

10/ Ka kuma gina jikinka da haƙurinka. Za ka tallabi ƙaton mutum daga gado zuwa keke. Za ka yi sati huɗu kana jiran babban yatsa ya motsa. In kana son aikin da za a tafa maka yau-yau, gaskiya nan ba wurinka ba ne.

11/ Bayan digiri akwai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibiti, akwai lasisin hukumar MRTB, sannan bautar ƙasa. Tun 1966 Jami'ar Ibadan ke koyar da wannan fanni a matakin digiri. Ba yau aka ƙirƙiro shi don waɗanda suka rasa gurbi ba.

12/ Za ku ce, ai muna da masu ɗori. E, kuma mutane na zuwa wurinsu don sun fi kusa, sun fi araha. Amma ɗaurin da ya matse hannu har jini ya daina gudu yana kashe tsoka, wani lokaci ya kai ga yankewa. Raina mu da ake yi shi ke sa a kawo mana mutum bayan ɓarna ta gama faruwa.

13/ Mata, da ku nake musamman. Akwai iyayenmu da za su gwammace su zauna da ciwon baya ko yoyon fitsari bayan haihuwa da su bar namiji ya duba su. In ba mu karanta ba, wa zai yi?

14/ Kai kuma da ke zaune a aji kana jiran canjin kwas, ko ka tafi da wuri ka bar wa mai so kujerar, ko ka zauna ka karanta da gaske. Zaman rabin zuciya mara lafiya ne zai biya kuɗinsa.

15/ Hajiya ta rasu da hannunta a naɗe, Allah Ya jiƙanta. In akwai mai shanyewar jiki a gidanku, gobe ku tambayi likitansa yaushe za a fara gashi. Kada ku jira ya "huta" tukuna. Kawu kuma, in an tura maka wannan, ina gaisuwa.