Hawan Yini Guda Zuwa Masaukin Hornli

Za mu leƙa ƙasar Suwizalan, inda mutum yakan biya kuɗinsa don ya je ya sha wuyar hawan dutse.

Akwai wani gari cikin duwatsun Alps, sunansa Zermatt. Baƙo ba ya shiga da motarsa, sai ya ajiye ta a ƙauyen Tasch ya hau jirgin ƙasa. Garin yana bisa tudu kimanin mita 1,600, wato ya ɗara Jos. Daga nan wata hanyar ƙafa ta miƙe har masaukin Hornli, mita 3,260, a gindin dutsen Matterhorn. Ku tuna Chappal Waddi na Jihar Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne kawai.

Mai ƙarfin gwiwa yakan yi wajen awa biyar yana hawa. Da fari cikin inuwar itatuwa ne, daga baya sai ciyawa, ƙarshe sai tsakuwa da duwatsu tsirara, har akwai inda aka kafa matakalar ƙarfe a jikin dutse. Numfashi ya soma yin wuya, gama a can sama iskar ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Sanyi kuma yana ƙaruwa, digiri 6 ko fiye a kowane mita 1,000. Wanda ya bar gari da 'yar shara zai isa yana karkarwa kamar an yi masa wanka da asuba cikin hunturu.

Sammako dole ne. A watannin Yuli da Agusta hadari yakan taso bayan azahar, tsawa kuwa a kan dutse ba wurin fakewa. Ni a ganina wanda ya ga gajimare ya juya bai yi abin kunya ba.

An fara gina masaukin a 1880, aka sabunta shi a 2015. Jirgi mai saukar ungulu ke kawo abinci, ruwa kuma na narkakkiyar ƙanƙara ne, ana tattalinsa ainun.

Mai yini guda yakan sha shayi, ya ɗaga kai ya dubi ƙololuwar, mita 4,478, sa'an nan ya kama saukowa. Nan ne gwiwa ke kuka, ƙafa ke zamewa don gajiya. Mutum bakwai ne suka fara kaiwa ƙololuwar nan, ran 14 ga Yuli 1865, har da Edward Whymper na Ingila. Huɗu a cikinsu wajen saukowa suka faɗi suka rasu.