A Duba Bayan Garmaho Kafin A Miƙa Kuɗi

Jama'a, garmahon da muka watsar zamanin kaset ya sake yin daraja. A shekarar 2022 faifan garmaho ya fi faifan CD fita a Amurka, abin da rabon a gani tun 1987. To tunda Turawa sun koma neman abinsu, masu lafiyar can suke tsayawa. Abin da ke iso mana cikin gwanjon da muke kira kayan Kwatano, galibi saura ne.

Ban ce kada a saya ba. Ina dai jan kunnen ƴan'uwana ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Jibiya da Illela, masu ɗaukar kaya a dunƙule ba gwaji, don kawai an ga Pioneer ko Sansui na ƙyalli a gaba. Maganar tana baya, a ɗan rubutun da ke kusa da wayar wuta. Wutarmu volt 220 zuwa 230 ce. Ta Japan 100, ta Amurka 120. Maƙwabcina a kasuwa ya jona amfilifayar Japan kai tsaye a gaban mai saye, sai hayaƙi. Kuɗin duwan da na mota duk sun bi iska.

Wani zai ce ai akwai taransifoma. Gaskiya ne, amma volt kaɗai take ragewa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, kuma yawancin tsofaffin garmaho da wannan bugun injinsu ke daidaita gudu. Faifan da ya kamata ya yi juyi 45 a minti sai ya yi 37 da rabi. Ka ɗora Shata, ka ji shi yana jan murya kamar wanda barci ya ɗauka. Irin Technics SL-1200 ba ruwansa da wannan, shi ya sa ba ya araha.

Sai allura da bel, waɗanda ba kowane mai gyaran rediyo ke da su ba, da kafar PHONO a bayan amfilifaya, wadda in babu ita sautin da ƙyar za a ji.

Dillalin da ya hana ka jona kaya, ya san abin da ya sani. Ni dai ina yawo da tsohon faifai ɗaya a jaka, kuma wanda ban ji kukansa ba, kuɗin ƙarfe nake taya shi.