Fargaba ciwo ce, tana da mazauni cikin kai



A rangadin da muke yi na cibiyoyin karatun manya, daga ƙauyukan Buza zuwa na Madawa da Kaita, akwai kukan da muke yawan ji idan an tashi daga darasi. Wani magidanci ya ce mana tun yunwar 2005 bai ƙara samun barci mai nauyi ba da zarar bazara ta shigo. Yakan farka tsakar dare gabansa na faɗuwa. Sai ya ɗauki cocila ya je ya leƙa rumbu, alhali ya san hatsi na nan yadda ya bar shi da magariba. Da ya gaya wa abokansa, sai suka ce rashin tawakkali ne. Daga ranar ya ja bakinsa ya yi shiru. Mu muna ganin abokan nan sun yi kuskure, kuma ga dalilinmu.

A tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan Adam akwai ƙullutai guda biyu, kowane ya kai girman ƙwan tantabara. Likitoci na kiransu talamus, kalmar Girkawa mai nufin ɗakin ciki. Mu za mu kwatanta wurin da zauren sarki. Abin da ido ya gani, da abin da kunne ya ji, da ɗanɗano, da taɓawa, duk sai sun ratsa zauren nan kafin su isa inda hankali ke yanke shawara. Ƙamshi da wari ne kawai ke da tasu ƙofar.

Cikin zauren akwai wani ɗan siririn yanki a tsakiya. Masana na taƙaita sunansa da haruffa uku, PVT. Mu bari mu kira shi dogarin zaure. Labarai na zo masa daga sassan jiki: ko ciki na da yunwa, ko dare ne ko rana, ko akwai haɗari kusa. Shi kuma sai ya aika saƙo ga sashen da ke tayar da tsoro, da sashen da ke sa mutum ya tashi neman abin da yake so.

An gano aikinsa ne ta hanyar gwaji a kan ɓeraye, domin su ma suna da wannan yanki kamar mu. A 2002, a Amurka, Seema Bhatnagar da abokan aikinta sun riƙa matse ɓeraye cikin ƙaramin bututu na ɗan lokaci kowace rana. Ranar farko ɓerayen sun firgita ƙwarai. Da kwanaki suka tafi, sai jikinsu ya saba, firgitar ta ragu. Amma waɗanda aka lalata wa dogarin zaure ba su saba ba. Ashe shi ke taimakon jiki ya jure wahalar da ke maimaituwa. Sai dai juriyar na da farashi. Dabbar da ta daɗe cikin matsi, idan wata sabuwar wahala ta faɗo mata, jikinta kan zabura da ƙarfi, wani lokaci fiye da na wadda ke cikin hutu. Wa bai ga irin wannan ba? Mutum ya yi wata uku yana haƙurin bashi da ƙarancin abinci, ran da akuyar maƙwabci ta shiga gonarsa sai ya tashi da faɗa kamar ba shi ba.

A 2015 Gregory Quirk da mutanensa, a tsibirin Puwato Riko, sun koya wa ɓeraye tsoron wata ƙara. Duk lokacin da ƙarar ta tashi, sai a ɗan ja musu lantarki a ƙafa. Da aka dakatar da aikin dogarin bayan ƴan awowi, ɓerayen sun ci gaba da tsoron ƙarar. Da aka dakatar da shi bayan mako guda, sai tsoron ya ragu sosai. Wato tsohon tsoro, wanda ya kwana ya daɗe, ta hannunsa yake bi. A 2018 kuma masana a ƙasar Sin sun nuna cewa shi ke riƙe ido a buɗe: idan aka motsa shi ɓera ya farka, idan aka lalata shi ɓera ya yi ta gyangyaɗi. Tsohon tsoro da rashin barci, ga su a wuri ɗaya. Su ne kuma kukan magidancin nan.

Abin bai tsaya a kai ba. Idan ƙwaƙwalwa ta ce akwai haɗari, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda na zuba sinadarai cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya ƙaru cikin jini, ƙarfi ya zo. Wannan alheri ne ga wanda ya ci karo da maciji a kunya. Amma idan abin ya kai watanni, yana iya jawo hawan jini, ya raunana garkuwar jiki.

Saboda haka muke cewa a daina yi wa mai fargaba gori. Tawakkali bai hana mai zazzaɓin cizon sauro shan magani ba, don me zai hana wannan? Wanda ya yi makonni ba barci, ko abinci ya fita ransa, ko ya daina shiga mutane, ya je gidan likita ya faɗi abin da yake ji ba tare da kunya ba, a kuma auna jininsa. Wanda ya fara maganar mutuwa ta fi masa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ran nan. Mata sun fi shan wannan wahala a ɓoye, musamman wadda mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya ya bar ta da yara da tiya kaɗan. Samari kuma su sani tramol ɗin ƴan tebur ba ya kwantar da hankali. Yana rufe gajiya na yini ɗaya, sannan ya kama mutum, har ya kan jawo farfaɗiya.

Sai dai mu faɗi gaskiya: sau da yawa dogarin nan ba ƙarya yake yi ba. Wanda ya ga 1984, ya ga fari da fara na 2004 da yunwar da ta biyo baya, yana da dalilin leƙa rumbu. Wanda ya ci bashin a-ci-ba-daɗi da damina, ya san rabin gonarsa ba tasa ba ce tun gero bai fid da kai ba. Ƙwayar likita ba ta biyan wannan bashi. Rabin maganin yana gona. Ƙasarmu ta Adar ta san haka. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska. Daga 1984, a aikin raya karkara na Kaita da ƙasar Italiya ta tallafa, mata sun ɗauki duwatsu a ka, an tare ruwa, faƙo ya koma gona.

Bankin hatsi ma haka yake, in an riƙe shi da amana. Amma bankin da mutum uku kaɗai suka san abin da ke ciki ba ya sa kowa barci. Yanzu da kuka iya karatu da lissafi, ku nemi a buɗe littafin banki a gaban jama'a kafin bazara, a karanta yawan buhunan da ƙarfi, a faɗi ranar da za a fara sayarwa da kuɗin tiya.

Magidancin da muka ambata ya je gidan likita, an tarar jininsa ya hau, yana shan magani. Har yanzu yakan farka wani dare. A taron bankin hatsi na ƙauyensu da ya wuce, shi ya karanta lissafin.