A Yi Wa Mai Cin Tuwo Bayani Da Tuwo

Kwanan baya na raka wani ɗan'uwana asibiti, likita ya ce masa sukarin jininsa ya fara hawa, ya kula da abincinsa tun ciwon bai kama shi ba. Aka miƙo mana takardar gargaɗi. Da Turanci aka rubuta ta, hotunan kuwa tuffa ne da inabi da wani ganye wanda ban taɓa gani a kasuwa ba. Mutumin da karin kumallonsa koko ne, abincin darensa tuwon shinkafa, me wannan takarda ta gaya masa?

A ganina wajibi ne Ma'aikatun Lafiya na jihohi su sake shiri. A rubuta da Hausa, boko da ajami. A zana malmala nawa ta isa, a nuna miyar zogale da rama da wake, a bayyana cewa gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farar shinkafa jinkirin ɗaga sukari.

Sa'an nan a yi awo da cokali. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba yake sha ya wuce misalin cokalin shayi 12 a rana. Kwalbar lemo ta rabin lita ita kaɗai ta cinye wannan, balle ma'aikacin da ya biya wajen mai shayi kafin ofis.

Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi. Daga cikin kuɗin nan ya kamata a biya masu zane da maɗaba'a.